Tseren bazara a Damagaram: littafin guduna na 2025

Lahadi, 9 ga Fabrairu 2025

Abu biyu na sa a gaba kafin ruwan fari ya sauka bana. Na ɗaya, in gama kilomita 10 cikin ƙasa da minti 50. Na biyu, in yi rabin gudun fanfalaki, kilomita 21 da 'yan mitoci, ba tare da na tsaya na taka ba. Tsere biyu na kilomita 10 muka samu labarinsu a cikin gari, ɗaya ƙarshen wannan wata, ɗaya bayan ƙaramar Sallah. Na kilomita 21 kuwa har yanzu magana ce a baki, ba wanda ya ce zai shirya shi.

Ni tela ne, shagona a unguwar Zango yake, kuma na haura shekara arba'in. Zaman kan keke daga hantsi zuwa dare ne ya fara ci mini baya, sannan aka auna ni a likita aka ce jinina ya soma hawa. Daga nan na fara fita da asuba. Mu da muke haɗuwa ba ƙungiya ba ce mai takarda ko shugaba. Akwai wani tsohon soja da kowa ke ce wa Baba, akwai ɗalibai daga Jami'ar André Salifou, da wani ma'aikacin jinya, da ɗan kabu-kabu guda, sai ni. Ana sallame sallar asuba kowa ya ɗaura takalmi.

Hanyar Tanut muke bi in za a gwada sauri, don kwaltarta a miƙe take, sai dai tankokin da ke zuwa matatar mai suna yawa, dole ka bi gefen da kake fuskantar mota. Dogon gudu a hanyar Miriya muke yin sa. Ranar Laraba kuma Baba ya kan shigar da mu Birni, mu bi lunguna mu wuce ta ƙofar fadar Sarkin Damagaram, mu hau mu gangara tsakanin duwatsu. Yashi da hawa su ke gina cinya, in ji shi, kuma na ga alamar haka a jikina.

Wani daga cikin ɗaliban ya sauke mana tsarin horo a waya. Lissafinsa mai kyau ne: yawancin gudu a yi shi a hankali, yadda za ka iya magana da na kusa da kai, rana guda a mako a matsa, rana guda a yi nisa. Amma don mutanen Turai aka rubuta shi. Su cikin sanyi suke horo, su fito tsere a Afrilu lokacin da gari ya yi musu daɗi, zafi bai wuce digiri goma zuwa sha biyar ba. Mu namu a juye yake. Yanzu ne muke da sanyi, ranar tsere kuwa za ta same mu a tsakiyar bazara, lokacin da rana ke haura digiri arba'in. Saboda haka lambobin wayar shawara ce kawai, ba doka ba.

Ƙurar hunturu ba ta gama tafiya ba. Ina shafa man kaɗanya a diddige saboda faso, ranar da hazo ya yi kauri kuma ba na matsawa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Tseren farko: minti 54 da daƙiƙa 20. Wasu matasa ne suka shirya, aka tashi ƙarfe bakwai da 'yan mintuna, gari da sauran sanyinsa. An ba mu lambar da za mu liƙa a ƙirji, 'yan sanda suka tsare mahaɗa, ruwa kuma a wuri biyu.

Ana busa usur yara 'yan makaranta suka zuba a guje, wasu da silifa, wasu ƙafa ba takalmi. Baba yana gefena ya ce, "Ɗana, bar su, za ka same su a gaba." Wajen kilomita na huɗu kuwa muka fara wuce su ɗaya bayan ɗaya, hannu a ƙugu. Ba rashin ƙarfi ba ne, da yawansu sun fi ni ƙafa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake raba ƙarfi ya kai mutum ƙarshe.

Don in sauka ƙasa da minti 50 sai kowace kilomita ta ci mini ƙasa da minti biyar. Yau ina yin biyar da daƙiƙa ashirin da wani abu. A takarda kaɗan ne, a ƙafa aiki ne na makonni.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne 'yan mata da suka shiga, da hijabinsu da dogon wando, kuma suka kai ƙarshe. Ɗaya ta riga ni shiga. Mata da ke tsaye a bakin hanya har guɗa suka yi mata.

Alhamis, 6 ga Maris

Azumi ya kama, kuma mun rabu gida biyu. Ɗaliban sun fi son fita ana saura rabin awa a sha ruwa, su dawo daidai kiran magariba. Ma'aikacin jinyar ya ce ba laifi in a hankali ne kuma gajere, amma kada wanda ya kuskura ya gwada sauri ko nisa da baki a bushe tun asuba. Ni da Baba muka zaɓi bayan asham, a titin da ke da fitilu.

Ga yadda na tsara cikina. Da magariba dabino da ruwa, kunun tsamiya, ƙosai kaɗan. Ba na taɓa tuwo sai na dawo daga gudu, don da shi a ciki ba inda ƙafa ke zuwa. Daga dawowa zuwa sahur ina kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan maimakon in ɗura shi gaba ɗaya. Da sahur fura da nono. Shayin fada, wato majalisarmu ta hira, na rage shi ƙwarai, domin yana cinye ɗan barcin da ya rage mini.

Ba na neman ƙarin sauri a wannan wata. In na fita azumi da abin da na shiga da shi, na gode Allah. Watan ba na gudu ba ne, kuma ba na son gajiyar ƙafa ta hana ni tsayuwar dare.

Juma'a, 21 ga Maris

Ɗinkin Sallah ya taru, shadda da atamfa har bakin ƙofa. Muna kaiwa ƙarfe biyun dare a kan keke, in wuta ta ɗauke a koma na ƙafa. Gudu ya koma ɗan zagaye kaɗan a mako. Bayana ya fara tuna mini da kansa.

Laraba, 2 ga Afrilu

Barkanmu da Sallah. Na koma fitar asuba, na tarar gari ya canza gaba ɗaya. Ko kafin rana ta fito iska ɗumi gare ta, ƙarfe takwas kuwa ba a magana.

Ma'aikacin jinyar ya zo da ma'aunin nauyi ya sa kowa ya hau kafin gudu da bayansa. Gudun awa guda ya rage mini kilo ɗaya da rabi. Ya ce kowane kilo da ya tafi kusan lita guda ce ta ruwa, kuma ba ruwa kaɗai zufa ke fita da shi ba, har da gishiri, shi ne farin da muke gani a riga in ta bushe. Ya koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yaro mai gudawa: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya kuma ce a riƙa duba fitsari, in ya yi ja sosai jiki na bin ka bashin ruwa. Jiki yana sabawa da zafi, amma sai an ba shi mako ɗaya zuwa biyu ana shiga a hankali. Saura kwana goma tsere, ke nan da kyar za mu kai.

Maganar ruwa a Damagaram kuwa ba sai an gaya wa kowa ba. Garin a kan dutse yake zaune, ruwan famfo daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Arunguza da Ganaram, kuma bazara na shiga sai layin jarkoki ya tsawaita, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. Uwargida ta ce, "Maigida, wankan gudu daban, wankin kayan gudu daban, ka san nawa jarka take yanzu?" Gaskiyarta. Na ware kuɗin ruwan gudu daga cinikin shago, ba na taɓa na cefane.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na jima zaune kafin in iya rubuta na yau, don raina a ɓace yake.

An ce za a tashi ƙarfe bakwai. Tun shida da rabi muna wurin, jama'a sun fi na Fabrairu yawa, yara ne suka fi rinjaye. Bakwai ta wuce, takwas ta wuce, ana jiran manyan baƙi. Da suka iso aka shiga jawabi. Su suna ƙarƙashin rumfa, mu muna tsaye a rana da lambobi a ƙirji. Ba a busa usur ba sai da tara ta gota. A lokacin kwalta ta riga ta ɗauki zafi kamar dutsen guga, kana jin sa ta cikin takalmi.

Wurin ruwa guda ɗaya aka yi, a inda ake juyowa. Na gaba suka sha suka zuba a ka, kafin mu na tsakiya mu iso saura 'yan ledoji, na baya kuwa ba su samu komai ba. Ni ina da 'yar gorata ta ruwan gishiri da sukari a hannu, ita ta riƙe ni. Tun kilomita na uku na ajiye maganar minti 50, na koma neman in kai lafiya.

Wajen kilomita na takwas na hango wani yaro, bai fi shekara sha shida ba, yana tangaɗi yana ratsa hanya daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin in cim masa ya zube. Idonsa a buɗe amma maganarsa ba ta haɗuwa, yana kiran sunan wani da ba ya wurin, jikinsa zafi rau. Allah ya sa ma'aikacin jinyarmu yana bayana kaɗan. Muka ɗauke shi zuwa inuwar bedi, aka cire masa riga da takalmi. Wasu suka ce aljanu ne, wani ya kawo ruwa zai ɗura masa a baki, ma'aikacin jinyar ya hana, ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a ba shi abin sha, shaƙewa zai yi. Wani ɗan garuwa na wucewa da kurarsa. Aka ce, "Malam, don Allah taimaka." Bai tambayi kuɗi ba, ya sauke jarkoki. Aka yi ta kwarara wa yaron ruwa daga wuya zuwa ƙafa, ni da wata baiwar Allah muna yi masa fifita da kwali. Sai da ya fara gane mutane sannan aka sa shi a adaidaita zuwa likita.

Daga baya ma'aikacin jinyar ya yi mana bayani. In zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta rikice, minti kaɗan ne tsakanin mutum da mutuwa, ko lalacewar ƙoda da hanta. Maganin farko shi ne sanyaya jiki nan take a wurin, kafin ma a nemi mota. Kuma matashi mai ƙarfi ya fi shiga haɗarin, domin shi ne zai ƙi tsayawa.

Na ƙarasa tseren, agogo ya nuna awa ɗaya da minti tara. Ba shi ne damuwata ba.

Masu shiryawa sun yi ɗawainiya, ba na raina ta. Amma tsere a Afrilu a garin nan ba taron suna ba ne da za a ce a jira wane ya iso. Manyan duniya ma rana suke wa biyayya. A gasar duniya da aka yi a Doha a 2019 tsakar dare aka tashi gudun fanfalaki saboda zafi, duk da haka cikin mata 68 da suka fara, 28 ba su kai ƙarshe ba. A wasannin Olamfik na Tokyo an ɗauke gudun daga birnin aka kai shi Sapporo a arewa, na mata kuma aka dawo da shi ƙarfe shida na safe. Waɗannan ƙwararru ne masu likitoci a bayansu. Mu da 'ya'yan talakawa muke tarawa, wasu ko karin kumallo ba su yi ba, me zai sa mu tsayar da su a rana awa biyu? Babban baƙo in ya zo a ƙarshe ya miƙa kyauta, ai girmansa bai ragu ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Jiya mun taru a fadarmu ta hira muna kallon gudun fanfalaki na Landan a waya. Sabastian Sawe na Kenya ya gama kilomita 42 da mita 195 cikin awa 2 da minti 2 da daƙiƙa 27, wato kowace kilomita ƙasa da minti uku. A ɓangaren mata Tigst Assefa ta Habasha ta yi 2:15:50. Makon da ya gabata a Boston, inda ake wannan tsere tun 1897, John Korir da Sharon Lokedi ne suka ci, dukansu 'yan Kenya. Ni ba na gaba ne suka fi ɗaukar mini hankali ba. Teburan ruwa nake kallo, jere a kan hanya kowane ɗan nisa, da masu agaji a tsaye, da dubban talakawan masu gudu irinmu da aka tanadar wa komai daidai da na gaba.

Baba ya tuna mana cewa Nijar ma ta taɓa samun nata: Abdou Manzo ya wakilci ƙasar nan a gudun fanfalaki na Olamfik a 1988 da 1992 da 1996. Ɗaliban ba wanda ya taɓa jin sunansa, alhali kowannensu zai lissafa maka sarakunan kokowa da suka ɗauki takobi. Ina son kokowa kamar kowane ɗan ƙasar nan, amma ina ganin a cikin yaran da ke gudu da silifa akwai waɗanda za su yi nisa in an kula da su.

A nan muka yanke shawara: na kilomita 21 mu za mu shirya abinmu. Baba ya ɗauki nauyin neman izini wurin hukuma da sanar da jami'an tsaro. Kowa ya ba da jika guda. Za a sayi piyawata a ajiye kowace kilomita uku, 'yan kabu-kabu su riƙa kai da kawowa, adaidaita ɗaya ta bi na ƙarshe da jarkokin ruwa da ma'aikacin jinya a ciki. Ba za a karɓi yaro ƙasa da shekara sha takwas ba, haka wanda bai taɓa yin kilomita 15 ba. Daga nan zuwa Miriya wajen kilomita 18 ne, don haka za a fara da zagaye a cikin gari a cike sauran. Mun zaɓi Asabar saboda Lahadi kasuwar Miriya ke ci, hanya na cika da motoci da amalanke.

Asabar, 3 ga Mayu

Alhamdu lillahi. Awa 2 da minti 6 da daƙiƙa 40, kuma ban taka ba.

Mun yi sallar asuba tare, shida saura ashirin aka tashi, gari bai gama wayewa ba, fitilun babura ke haska mana gaba. Mun haura mutum talatin, har da 'yan matan nan na Fabrairu su biyu. Ba jawabi, Baba ya yi addu'a ya ce bismillah.

Kilomita goman farko na riƙe kaina a wajen minti shida, ko da yake ƙafa na son ta fi haka. Muna fita gari rana ta ɓullo, kuma da yake gabas muka nufa, a ido take. Hula mai baki ta yi mini rana. Kowane wurin ruwa na ɗauki leda biyu, ɗaya in kurɓa, ɗaya in fasa a ka da wuya. Masu amalanken shanu da mata masu ɗauke da itace suna tsayawa suna kallonmu, wani dattijo a kan jaki ya ɗaga murya, "Samari, lafiya dai?" Muka ce lafiya lau, Baba, motsa jini ne. Ya ce Allah ya ba da sa'a.

Daga kilomita na 16 abin ya zama wani iri. Numfashi bai gaza ba, cinyoyi ne suka yi nauyi, gwiwar dama ta fara magana, zafi kuma ya fara tasowa daga ƙasa. Na daina duba agogo, na koma bin bishiyoyi: in na kai waccan gawon, sai in zaɓi wata. Ɗan kabu-kabunmu ya zo daidai ni ya rage gudu, ya ce, "Yaya, ga lambunan Miriya can, ka riga ka iso." Ban iso ba, da sauran kusan kilomita biyu, amma ganin koren nan bayan doguwar hanya busasshiya ya ƙara mini ƙarfi.

Kafin takwas da rabi na ƙarshenmu ya shigo. Mutum uku sun hau adaidaita a hanya, ma'aikacin jinyar ne ya ce su hau, kuma ba wanda ya yi musu. Ba wanda ya faɗi. Ruwa har ya yi saura, muka bar wa yaran da suka taru suna kallo. Muka zauna a inuwa aka dama fura, Baba ya fito da alkaki daga jakarsa ya raba.

Abin da aka kashe gaba ɗaya bai kai kuɗin hayar rumfa da kujeru ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Na huta wa gwiwa mako guda, tafiya kawai nake yi da yamma. Yau na gwada kilomita 10 a hanyar Tanut: minti 51 da daƙiƙa 35. Ban kai ga 50 ba, kuma ba zan sake matsawa cikin wannan zafi ba. Na ɗage shi zuwa Disamba in Allah ya kai mu. An sake auna jinina ranar Alhamis, ya sauka, an ce in ci gaba da abin da nake yi.

Yaron nan na 12 ga Afrilu ya zo shago da mahaifinsa. Ya kwana biyu a likita, yanzu ya warware, an ce ya dakata da gudu tukuna. Yana so ya riƙa fita da mu in an ba shi izini, Baba ya ce shi zai riƙe shi a gefensa.

Mun rubuta takarda zuwa ga waɗanda suka shirya tseren Afrilu, cikin ladabi, da roƙo uku: daga Maris zuwa Yuni a tashi kafin ƙarfe shida da rabi ko baƙi sun zo ko ba su zo ba, a ajiye ruwa kowace kilomita uku har da rabon na baya, kuma a samu ma'aikacin lafiya da abin hawa a bayan na ƙarshe. Mun ce in suna so mu za mu tsaya a wuraren ruwan da kanmu. Ɗinkin babbar Sallah ya fara shigowa, don haka ni ba zan samu fita ba. Baba da ɗaya daga cikin ɗaliban za su kai takardar ranar Talata.